Azurfar Tal Al-Maskuta da Tsohon Mashigin Ruwan Masar

A shekarar 1947 aka tono azurfa a wani tudun kufai da ke kwarin Tumilat, a gabashin ƙasar Masar. Sunan tudun Tal Al-Maskuta, kimanin kilomita 15 yamma da birnin Isma'iliyya. Azurfar da ta fito ba kaɗan ba ce. Dubban tsabar kuɗi ne irin na birnin Atina, kowane ɗaya nauyinsa ya kai giram 17 ko kusa da haka, a fuska guda an zana kan gunkiyar birnin, a ɗaya fuskar kuma mujiya mai manyan idanu. Dillalan da kayan suka bi ta hannunsu sun ce tare da kuɗin aka samu wasu tasoshin azurfa, huɗu daga cikinsu ɗauke da rubutu cikin harshen Aramiyanci. Waɗanda suka yi tonon ba su auna zurfin ramin ba, ba su kula ko a cikin ɗaki yake ko a bayan katanga ba, ba su kuma ajiye ko da tsingaro ɗaya na tukunyar da wataƙila a ciki aka zuba kuɗin ba. Kafin masana su ankara kaya sun watse a kasuwa, wasu sun tsallaka Turai, wasu Amurka. Tasoshin nan huɗu masu rubutu suna gidan tarihi na Brooklyn a birnin New York tun shekarun 1950. Rubutun da ke jikin ɗaya daga cikinsu yana nuna cewa Ƙainu ɗan Gashmu, sarkin Ƙedar, shi ya ba da ita kyauta ga gunkiyar da suke kira Han-Ilat, wato Lata ɗin nan da aka ambata a Suratun Najmi. Ƙedar kuwa Larabawan arewa ne, waɗanda masu ilmin nasaba ke jingina su ga Ƙaidar ɗan Annabi Isma'ila (AS), kuma masana da dama suna ganin Gashmun nan shi ne Balaraben da littafin Nehemiya ya ambata cikin masu adawa da sake gina ganuwar Ƙudus.

Duk wanda ya ji wannan labari zai ce an yi babban gamo. Ni a ganina asara ce aka tafka, kuma asarar ta fi azurfar nauyi. Tal Al-Maskuta yana zaune ne a bakin ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin ruwa da ɗan Adam ya haƙa da hannunsa, mashigin da ya haɗa Kogin Nilu da Bahar Maliya fiye da shekara dubu biyu kafin a buɗe Mashigin Suez na yau. Mashigin ya mutu, rairayi da gonaki sun haɗiye shi, kuma kusan duk abin da aka tabbatar game da shi an samo shi ne daga kayan da aka tarar a muhallinsu, aka rubuta inda suke kafin a ɗaga su. Mai neman dukiya yana ɗaga kayan ne ya bar muhallin a wargaje, alhali muhallin shi ne shaidar.

Tarihin mashigin kansa tarihi ne na mutuwa da farfaɗowa. Herodotus, marubucin Girka da ya ziyarci Masar a ƙarni na biyar kafin Miladiyya, ya ce Fir'auna Neko na Biyu ne ya fara haƙa shi, wajajen shekara ta 600 kafin Miladiyya. Ya ce ruwan yana barin Nilu ne kusa da birnin Bubastis, inda Zagazig take yanzu, ya nufi gabas ta cikin kwarin Tumilat, sannan ya karkata kudu zuwa teku. Ya ce tafiyar kwana huɗu ce a jirgi, faɗinsa kuma ya isa manyan jiragen yaƙi biyu su yi tuƙi kafaɗa da kafaɗa, ya kuma ƙara da cewa mutum 120,000 suka halaka a aikin kafin Neko ya dakatar da shi, adadin da ba lallai a ɗauke shi yadda yake ba. Dariyus na Farko, sarkin Farisa da ya mallaki Masar, shi ya ɗora daga inda aka tsaya. Bayan mashigin ya cike, sarkin Masar Batlamiyus na Biyu ya sake buɗe shi wajajen 270 kafin Miladiyya. Sarkin Rum Tarajan ya sake haƙa shi a farkon ƙarni na biyu na Miladiyya, amma shi ya janyo bakinsa kudu zuwa sansanin Babilon, inda Tsohuwar Alƙahira take yau. Dalilin wannan mutuwa da tashi ba boyayye ba ne. Nilu na kawo laka kowace ambaliya, iskar hamada na kawo rairayi, saboda haka ranar da hukuma ta daina yashe mashigin ranar ya fara mutuwa.

Farfaɗowarsa ta ƙarshe ita ta fi kusa da zukatan Musulmi. Madina ta ɗanɗana yunwar da aka yi a shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira shekarar toka. Da Amru ɗan Asi ya ci Masar, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya so hatsin Nilu ya riƙa isa Hijaz ta ruwa, domin abin da jirgi ɗaya zai ɗauka sai ayarin raƙuma ya sha wahala kafin ya kai shi. Ibn Abdul Hakam, wanda ya rubuta tarihin cin Masar a ƙarni na tara, ya kawo ruwayar cewa wani Baƙibɗe ne ya nuna wa Amru inda tsohon mashigin ya bi, a kan sharaɗin a ɗauke masa jiziya shi da iyalinsa. Wannan ruwaya abin a tsaya a duba ce, domin abin da mutumin ya sayar wa gwamna sanin hanya ne kurum, kuma gwamna ya ga ya kai a biya. Aka yashe mashigin, aka sa masa suna Halij Amirul Muminina, jirage suka riƙa sauka Ƙulzum, inda Suez take yanzu, su ƙetare zuwa tashar Al-Jar da ke ciyar da Madina. Ɗaliban Muwaɗɗa sun san sunan wannan tasha, saboda mas'alar takardun rabon abincin Al-Jar da mutane suka riƙa saye da sayarwa tun kafin su karɓi hatsin, a zamanin Marwan ɗan Hakam. Hatsin da aka yi wannan mas'ala a kansa daga Masar yake zuwa. Fiye da shekara ɗari bayan buɗe shi, a ƙarni na takwas, Halifa Abu Ja'afar Al-Mansur ya sa aka toshe mashigin, kuma marubuta tarihin Masar sun danganta haka da son yanke wa Madina abinci lokacin da Muhammadu Nafsuz Zakiyya ya yi masa tawaye a can. Daga nan jirgi bai sake bi daga Nilu zuwa Bahar Maliya ta wannan hanya ba. Guntun da ya rage a cikin Alƙahira ya rayu har ƙarshen shekarun 1890, sannan aka cike shi aka shimfiɗa layin taragon lantarki a kansa. Shi ne titin Port Said na yau.

Tun da daɗewa akwai saɓani kan ko Dariyus ya kammala aikin. Herodotus ya ce ya kammala. Aristotal da wasu marubutan da suka biyo bayansa sun ce ya fasa, don an tsorata shi cewa tekun ya fi ƙasar Masar tudu, in aka fasa masa hanya ruwan gishiri zai malale gonaki. Wannan tsoro ya yi tsawon rai, domin ko injiniyoyin da Napoliyon ya sa su auna yankin, bayan shi da kansa ya bi sawun tsohon mashigin a kan doki kusa da Suez a ƙarshen 1798, sun yi kuskuren cewa Bahar Maliya ta ɗara Bahar Rum tudu da kusan mita 10. Sai a 1847 wani sabon awo ya gyara kuskuren. Littattafai kaɗai ba za su raba gardamar Dariyus ba, tunda kowa da nasa malamin. Abin da ya ba ta ƙafar tsayawa shi ne wasu manyan allunan jan dutse da sarkin ya kakkafa a gefen ruwan. An gano gutsattsarinsu a wurare huɗu: ɗaya a Tal Al-Maskuta, ɗaya tsakanin tafkin Timsa da Tafkuna Masu Ɗaci, ɗaya a Kabrit, ɗaya kuma dab da Suez. Na Kabrit, Charles de Lesseps ne ya tono shi a 1866, ana tsakiyar haƙa Mashigin Suez da mahaifinsa ke jagoranta. An yi rubutun da harsuna huɗu, tsohon Farisanci da Elamanci da Babilanci da kuma rubutun hotuna na Fir'aunoni, kuma a ciki Dariyus yana shelar cewa shi ya ba da umarnin haƙa mashigin, jirage kuma sun bi ta cikinsa daga Masar zuwa Farisa. Ana iya cewa kirarin kai ne irin na sarakuna, kuma sarki ba ya rasa abin faɗa game da kansa. Amma wuraren da duwatsun suka tsaya ba kirari ba ne. In aka ɗora su a taswira sai su ja layi daga kwarin Tumilat har bakin teku. Da wani ya riga ya farfasa su ya sayar wa masu sha'awar rubutun da, da yau muna da kalmomin Dariyus a birane huɗu na Turai, ba mu da layin.

Darasin da ya fi wannan ƙarfi a Tal Al-Maskuta ɗin kansa aka koye shi. A 1883 Edouard Naville, masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi tono a tudun da kuɗin wata ƙungiyar Ingila da aka kafa shekara guda kafin nan domin binciken Masar. Naville ba ɓarawo ba ne, masanin rubutun Fir'aunoni ne na gaske, kuma shi ya gano allon Batlamiyus na Biyu da ke ba da labarin aikin mashigin, wanda yanzu yake gidan tarihi na Alƙahira. Sai dai idonsa na kan manyan abubuwa ne, gumaka da duwatsu masu rubutu. Ya ga sunan Fir'auna Ramsis na Biyu a jikin wasu, ya ga gine-ginen tubali masu ɗakuna marasa ƙofa, sai ya yanke cewa nan ne Fitom, birnin rumbuna da Attaura ta ce Bani Isra'ila sun gina wa Fir'auna. Ya wallafa littafi a kan haka a 1885, mutane da yawa suka karɓa hannu biyu. Kusan shekara ɗari bayan haka, daga 1978 zuwa 1985, John Holladay na Jami'ar Toronto ya jagoranci sabon tono a wurin, shi kuma ya mai da hankali ga abin da Naville ya zubar, wato tsingaro. Kowane zamani da irin tukwanensa, kuma ƙasar kufai hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama. Tsingaron ya nuna an zauna a tudun a zamanin Hiksos, fiye da shekara 1,500 kafin Miladiyya, sannan aka tashi aka bar shi kango na tsawon ƙarnoni, ciki har da zamanin Ramsis gaba ɗaya, ba a dawo ba sai ƙarshen ƙarni na bakwai kafin Miladiyya. Duwatsun Ramsis daga wani wuri aka kwaso su aka ƙawata sabon garin da su. Lokacin da aka dawo ɗin kuwa ya yi daidai da mulkin Neko. Fasassun tuluna na Finiƙiya da na tsibiran Girka da aka samu a hawa-hawan da suka biyo baya sun nuna gari ne na fatauci. Wato maganar Herodotus game da wanda ya fara aikin ta samu mai gaskata ta daga tarkacen da ko almajiri ba zai sunkuya ya ɗauka ba.

Da wannan a zuciya sai a koma ga azurfar 1947 a ga abin da aka rasa. Tasoshin, bisa salon rubutunsu, na wajajen shekara ta 400 ne kafin Miladiyya, lokacin da Masar ke ƙwace kanta daga Farisa. Me Larabawan Ƙedar suke yi a bakin mashigin? Masu gadi ne da Farisawa suka girke a kan iyaka, ko fatake ne masu ɗakin bauta a zango? Kuɗin dukiyar ɗakin gunki ne da aka tara shekara da shekaru, ko albashin sojojin haya ne, ko kuɗin fito? Shin ma tare aka binne kuɗin da tasoshin, ko dillali ne ya haɗa labarinsu don kaya su yi daraja? Masana tsabar kuɗi sun daɗe suna gardama kan nawa ne daga irin waɗannan kuɗi aka buga a Atina, nawa ne kwaikwayo da aka buga a Masar, kuma tarin dubbai da aka samu wuri ɗaya shi ne irin shaidar da ke taimakawa wajen raba wannan gardama, da an ƙirga shi an auna shi kafin ya watse. Tambayar da ta fi duka ita ce ko jirage na bin mashigin a lokacin da aka binne dukiyar. Wuni biyu na aikin mai awo da alƙalami da sun amsa rabin waɗannan tambayoyi. Yanzu ba mai amsa su, domin hawan ƙasa in an birkita shi ba ya komawa yadda yake.

Neman binnanniyar dukiya tsohuwar sana'a ce a Masar, har suna gare ta. Masu yin ta ana ce musu masu maɗalib, kuma sarakuna sun san da su. An ruwaito cewa Ahmad ɗan Ɗulun, wanda ya gina masallacinsa a Alƙahira tsakanin 876 da 879, da wata dukiya da aka tono ya yi aikin. Nasir Husrau, matafiyin Farisa da ya zauna a Masar a tsakiyar ƙarni na goma sha ɗaya, ya tarar masu maɗalib suna da shugaba da hukuma ta sani, suna kuma biyan humusi ga sarki. Har littattafan jagora aka rubuta musu, masu cewa ka je wuri kaza, ka ƙona turare kaza, ka haƙa kamu kaza, kuma Ahmad Kamal, masanin kayan tarihi Bamasare, ya buga ɗaya daga cikinsu a Alƙahira a 1907. Amma malaman Musulunci masu hangen nesa ba su yi shiru ba. Abdullaɗif Al-Bagadadi, wajajen shekarar 1200, ya koka da yadda kwaɗayi ya sa mutane suke farfasa gumaka da huda duwatsu suna zaton zinariya ce a ciki, ya kuma yaba wa sarakunan da suka gabata da suka hana a taɓa waɗannan alamomi. Ibn Haldun ya keɓe fasali guda a Muƙaddima yana bayanin cewa wannan ba hanyar neman abinci ba ce ta ɗabi'a. Ya bayyana yadda 'yan damfara ke zuwa wa masu hali da tsofaffin takardu masu cinyayyen gefe, su karɓi kuɗin tono su ɓace. Har yau jaridun Masar ba sa rabuwa da labarin mutanen da rami ya rufta da su a ƙarƙashin gidajensu, garin neman gira an rasa ido.

Mai karatu da ya yi zaman zaure zai ce tsintuwa ba sata ba ce, kuma shari'a ta san rikazi, wato dukiyar mutanen jahiliyya da aka binne: a fitar da humusi, sauran ya zama halal. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ba a ture ta da dokar Bature. Sai dai fiƙihun da muke karantawa bai tsaya nan ba. An ruwaito daga Imamu Malik cewa ya karhanta tonon kaburburan jahiliyya don neman dukiya, kuma Muhtasar na Halil ya tafi a kan haka. Na biyu, a mazhabar Malikiyya abin da ya rage bayan humusi ba kai tsaye yake zama na wanda ya tono ba. Na mai ƙasar ne, in kuma ƙasar da yaƙi aka ci ta, na rundunar da ta ci ta ne da magadanta, kuma malaman mazhabar sun lissafa Masar cikin ƙasashen da aka ci da yaƙi. Ashe tun asali fiƙihu ya ga cewa abin da ke cikin ƙasar Masar akwai haƙƙin jama'a a kansa. Dokar Masar mai lamba 117 ta 1983, wadda ta mai da kayan tarihi mallakar al'umma ta kuma haramta cinikinsu, ba ta yi nisa da wannan fahimta ba kamar yadda ake zato. Akwai kuma abin da malaman da ba su fuskanta ba. A zamaninsu darajar rikazi nauyin zinariyarsa ce ko azurfarsa. Yau an san cewa ramin da kansa yana ɗauke da ilmin da ba na mutum ɗaya ba ne, kuma ƙa'idar hana cutar da jama'a ba baƙuwa ba ce a shari'a.

Hujja ta biyu ta fi ɗaci. Za a ce masu kiran kansu masana su ma kwasa suka yi. Gaskiya ne. Wasu daga gumakan da Naville ya tono a Maskuta suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan, kuma shekaru da dama dokar Masar ta yarda a raba abin da aka tono tsakanin hukuma da baƙin da suka yi tonon. In Bature ya ɗauka an ce bincike, in manomin Tumilat ya ɗauka an ce sata, wa zai ga adalci a nan? Ban ga amfanin musun wannan ba, kuma neman a maido da kayan da aka fitar nema ne na gaskiya. Amma a duba inda azurfar 1947 ta ƙare. Ba a Isma'iliyya ta zauna ba, a New York da akwatunan attajiran Turai ta sauka, ta hanyar da ta fi ta Naville muni, domin shi ko ba komai ya rubuta inda ya samu abin da ya ɗauka, kuma da rubutun nasa aka kama kuskurensa. Mai tonon dare shi ne matakin farko na tsanin da ke fitar da kayan, shi ne kuma wanda ya fi kowa samun kaɗan, don farashin yana ninkuwa ne a hannun dillali na biyu da na uku. Wannan kasuwa ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce ta bi kufan Nok a tsakiyar Nijeriya da na Bura a Nijar a shekarun 1990, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina da Bura cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Masu binciken Jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a yankin Nok a 2005 sun tarar an riga an birkita wurare da dama. Gumakan sun cika kundayen gwanjo, labarin mutanen da suka ƙera su kuwa da ƙyar ake tsinto shi daga ramukan da aka bari.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta uku, cewa ƙasa ba ma'aji ba ce mai aminci. Kwarin Tumilat ba hamada ba ne yanzu. Tun da aka haƙa mashigin ruwan daɗi na Isma'iliyya a farkon shekarun 1860, don shayar da ma'aikatan Mashigin Suez, wanda a wurare da dama ya bi kusa da sawun tsohon, noma ya bazu a kwarin. Manoma sun daɗe suna kwasar ƙasar kufai suna zubawa a gona a matsayin taki, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa yana cin tubali, garuruwa suna faɗaɗa, kuma an ratsa Tal Ar-Rataba, ɗaya tudun mai muhimmanci a kwarin, da titin mota. In haka ne, in ji mai wannan hujja, gara wani ya tono abin ya sayar da a bar garma ta niƙe shi. A nan dole a rarrabe tsakanin mutum biyu. Akwai wanda ya ci karo da abu yana noma ko yana haƙa harsashin gini, akwai kuma wanda ya fita da na'urar gano ƙarfe da shebur yana bin gefen mashigin da gangan. Na farko shaida ne, kuma hukumar da ta tsorata shi ta yi wa kanta. Abin da ya faru a Tal Basta, wato kufan Bubastis, a 1906 ya nuna haka: leburorin layin dogo suka ci karo da kayan zinariya da azurfa suka rarraba, hukuma ta sha wahala kafin ta ƙwato wani ɓangare, amma da jami'anta suka zo suka tsaya a wurin sai aka samu tari na biyu, shi kuma aka rubuta yadda aka same shi. Ingila ta bi wata hanya da dokarta ta 1996, wadda ta wajabta kai rahoton dukiyar da aka samu cikin kwana 14, in gidan tarihi na so ya biya kuɗinta a farashin kasuwa, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Tsarin kai rahoto na son rai da ke tafiya tare da dokar ya sa an rubuta kaya fiye da miliyan guda. Dokar Masar ita ma ta ce a kai rahoto cikin awa 48, ta kuma ba hukuma damar ba da tukuici, amma muddin manomi ya fi tsoron a ƙwace masa gona ko a tsare shi fiye da yadda yake sa ran tukuicin, dillali zai riga jami'i isa ƙofarsa. Wannan gyara ne da ke wuyan hukuma. Sai dai ko a Ingilar, laifi ne mutum ya shiga da na'ura wurin tarihi da doka ta kare ba tare da izini ba. Lalacewar da garma ke yi a hankali hujja ce ta a gaggauta tono na ilmi, irin wanda masana daga Foland da Sulobakiya suke yi a Rataba tun 2007, da wanda 'yan Italiya suka koma yi a Maskuta. Ba ta zama izini ga mai ramin dare ba, wanda ke yi wa tudu cikin mako guda abin da garma ba ta yi masa a shekara hamsin ba.

Bakin mashigin na zamanin Tarajan ya ɓace wa mutane ƙarnoni da yawa a ƙarƙashin Tsohuwar Alƙahira. A farkon shekarun 2000 aka shiga aikin rage ruwan da ke jiƙa harsashin tsofaffin majami'u da wuraren ibada na unguwar, aka haƙa rijiyoyi da ramukan bututu, aka kuma sa masanin kufai Peter Sheehan da abokan aikinsa su bi kowane rami suna zana abin da ya bayyana kafin a rufe. Ba su fito da zinariya ba. Abin da suka gani manyan katangu ne na sassaƙaƙƙen dutse, guntu a wannan rami, guntu a wancan, wasu a ƙarƙashin majami'ar Abu Sarga. Da aka haɗa zane-zanen a taswira ɗaya sai ga gaɓoɓin mashigin biyu sun fito, aka kuma gane cewa hasumiyoyi biyu masu da'ira na sansanin Babilon, waɗanda aka gina wajajen shekara ta 300 Miladiyya, a dama da hagun bakin ruwan aka kafa su, jirage na wucewa ta tsakaninsu. Ɗaya tana tsaye a ƙofar gidan tarihin Ƙibɗawa, ɗayar kuma majami'ar Mar Girgis ce ke zaune a kanta, kuma hanyar da masu ziyara ke bi tsakaninsu a yau a kan mashigin da ya cike take.